Tabannin Ƙasashen Waje Idan Ya Lalace: Mece ce Makomar Yaron a Gaban Doka?

  

Ba da yaro riƙo tsohuwar al'ada ce a wurinmu. Gwaggo takan ɗauki 'yar ƙanenta, kaka ta yaye jika ta ci gaba da riƙonsa, wanda Allah bai ba haihuwa ba 'yan'uwa su ba shi ɗa ya ɗebe masa kewa. A duk wannan yaron ya san ubansa, da sunan ubansa ake kiransa, kuma in riƙon bai yi daɗi ba akwai gidan da za a mayar da shi. Saboda wannan sabo, idan baƙo ya zo da takarda ya ce zai ɗauki yaro zuwa Turai ko Amurka ya sa shi makaranta, mutanenmu sukan zaci irin wancan riƙon ne. A dokar waɗancan ƙasashe kuwa abin daban yake. Takardar tana yanke yaron daga iyayensa har abada, ta mayar da shi ɗan wasu. To idan waɗancan ɗin suka gaji da shi, ko suka cutar da shi, ko aka gano ƙarya aka yi aka ɗauke shi, ina yaron yake tsayawa? Wannan shi ne abin da za mu yi bayani a kai, daga ɓangaren dokokin ƙasashe da kuma ɓangaren shari'ar Musulunci.

Riƙo, kafala da tabanni

Kalmomi uku ne ya kamata mu bambance tun da farko.

Riƙo shi ne wanda muka sani a al'ada: amana ce tsakanin dangi ko aminai, ba kotu, ba takarda.

Kafala ita ce ɗaukar nauyin yaro, musamman maraya ko tsintacce, ta wajen ci da sha da tufafi da tarbiyya da karatu, tare da barinsa a kan nasabarsa. A ƙasashe irin su Aljeriya da Maroko alƙali ne ke ƙulla ta, kuma tana da takardunta.

Tabanni kuwa shi ne mutum ya mayar da ɗan wani nasa, ya jingina shi ga kansa a suna da gado da sauran hukunce-hukunce kamar shi ya haife shi. Kalmar da za a gani a rubuce a takarda, da Faransanci ko da Ingilishi, ita ce adoption. Dokar Faransa, wadda ƙasashenmu da dama suka gaji tsarinta, ta raba shi biyu. Akwai cikakke, wanda ake rubutawa adoption plénière: ana soke takardar haihuwar yaro ta asali, a rubuta sabuwa da sunan sababbin iyaye, alaƙarsa da danginsa na jini ta yanke a doka, kuma ba a warware shi. Akwai kuma sassauƙa, adoption simple, wanda ke ƙara wa yaro sababbin iyaye ba tare da ya rasa na asali ba, kuma kotu na iya warware shi bisa babban dalili. Mafi yawan yaran da ake ƙetarawa da su, cikakken tabanni ake yi musu, ko a mayar da sassauƙan cikakke bayan sun isa can.

Wannan harka ta kai ƙololuwarta a shekarar 2004, lokacin da aka ƙetara da yara kimanin 45,000 a duniya, kusan 23,000 daga cikinsu zuwa Amurka kaɗai. Da ƙasashe irin su Romaniya da Gwatamala suka rufe ƙofa, sai hankali ya karkato Afirka, musamman Habasha da Kongo da Uganda.

Hanyoyin da yake lalacewa

Masana dokar iyali suna rarrabe lalacewar gwargwadon lokacin da ta auku, domin hukuncin yana canzawa.

Ta farko, abin ya rushe kafin kotu ta yanke hukuncin ƙarshe. Yaro ya riga ya isa ƙasar, yana zaune da iyalin a matsayin gwaji, sai su ce sun fasa.

Ta biyu, ya warware bayan hukunci. Yaron ya zama ɗansu a doka, sai su miƙa shi ga hukuma, ko hukuma ta ƙwace shi saboda duka ko yunwa ko sakaci.

Ta uku, a miƙa shi ga wasu a ɓoye. A shekarar 2013 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fitar da bincike a kan wani zaure na Yahoo inda iyayen tabanni a Amurka ke tallar yaran da suka gaji da su. A cikin shekaru biyar an tallata yara 261 a wannan zaure kaɗai, kuma aƙalla kashi 70 cikin ɗari daga ƙasashen waje aka kawo su. Da takardar wakilci ɗaya ake miƙa yaro ga baƙon da ba wanda ya bincike shi, ba alƙali ba ma'aikacin jin daɗin jama'a.

Ta huɗu, ya zamana tun tushe a kan ƙarya aka gina shi: an rubuta yaro maraya ne alhali iyayensa na raye, ko an sa uwa ta dangwala yatsa a kan abin da ba ta fahimta ba.

Dalilan da suka fi yawa sanannu ne. Yaron da ya daɗe a gidan marayu, ko aka raba shi da uwarsa yana da wayo, yakan zo da ciwon zuciya da firgici da taurin kai. Sau da yawa ana ɓoye wa sababbin iyayen rashin lafiyarsa ko a rage masa shekaru a takarda. Ba ya jin harshensu, ba sa jin nasa. Su kuma dillalan da suka karɓi kuɗi, da zarar jirgi ya sauka aikinsu ya ƙare.

Abin da ke biyo baya ga yaron

*1. Nasaba da suna.* Mutuwar zama tsakanin yaro da iyayen tabanni ba ta mayar da shi ɗan iyayensa na asali a doka. Haƙƙinsu an riga an soke shi a kotun ƙasarsu. A Faransa, inda cikakken tabanni ba ya warwaruwa, yaron zai ci gaba da ɗaukar sunan mutanen da suka ƙi shi ko da yana hannun hukumar kula da yara. A Amurka kotu na iya soke haƙƙin iyayen tabannin, sai yaron ya zama ba shi da uwa ko uba a doka ko kaɗan, yana hannun jiha har a sami wani ya ɗauke shi ko ya kai shekara 18. Ba tsuntsu ba tarko ke nan. Idan kuma ya girma ya tashi neman asalinsa, sai ya tarar da takardar da ke cewa an tsince shi a bakin hanya, ko sunan ƙauye da ranar haihuwa na ƙarya.

*2. Zama ɗan ƙasa.* Nan ne cutar ta fi tsanani. A da, yaron da aka kai Amurka ba ya zama ɗan ƙasa sai iyayen sun cike masa takardu. Da yawa ba su yi ba, wasu don rashin sani, wasu don zaman ya riga ya lalace. A shekarar 2000 aka yi dokar da ke ba irin waɗannan yara zama 'yan ƙasa kai tsaye, ta fara aiki ranar 27 ga Fabrairun 2001, amma ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka cika shekara 18 a ranar ba. Wani mutum da aka ɗauko daga Koriya ta Kudu a 1979 yana ɗan shekara 3 ya zama abin misali a wannan babi. Iyalin farko suka sallame shi, aka raba shi da 'yar'uwarsa. Iyali na biyu suka azabtar da shi har kotu ta kama su da laifi. Babu wanda ya nema masa takardar zama ɗan ƙasa a cikinsu. Da ya girma ya je gyara takardun zamansa, sai aka tono laifuffukan da ya taɓa yi, ciki har da fasa gidan mutanen da suka kore shi don ya ɗauko 'yan kayan da ya zo da su daga Koriya. A 2016, yana da shekara 41, aka tasa ƙeyarsa zuwa Koriya, ƙasar da bai jin harshenta, ya bar mata da 'ya'ya a Amurka. Har yau akwai nau'in bizar da yaro ke shiga Amurka da ita wadda ba ta ba shi zama ɗan ƙasa sai an kammala tabannin a kotun can. Idan zaman ya rushe kafin a kammala, yaron ya rataya.

*3. Ciyarwa da kulawa.* Ƙa'ida a yawancin dokoki ita ce, wanda kotu ta ba shi yaro, nauyin ciyarwa na kansa har sai wata kotu ta sauke masa. A watan Afrilun 2010 wata mata a jihar Tennessee ta Amurka ta sa yaron da ta ɗauko daga Rasha, ɗan shekara 7, a jirgi shi kaɗai zuwa Mosko, da wasiƙa a hannunsa cewa ba ta son riƙonsa kuma. Watanni kaɗan ke nan da ɗauko shi. Ba a gurfanar da ita kan laifin yasar da yaro ba, amma a 2012 kotu ta umarce ta da biyan dala 150,000, da kuma dala 1,000 duk wata har ya girma. Wannan yaron ya samu hukuncin ne domin duniya ta ji labarinsa. Waɗanda aka miƙa a ɓoye ba mai tsaya musu. A ƙarshen 2012 Rasha ta hana Amurkawa ɗaukar 'ya'yanta gaba ɗaya.

*4. Gado.* Cikakken tabanni na cire yaro daga magadan iyayensa na jini a dokar ƙasar da ta ɗauke shi. Sababbin iyayen kuma, a ƙasashen da mutum ke da ikon ba da dukiyarsa ga wanda ya so ta hanyar wasiyya, suna iya hana shi ko sisi. A shari'ar Musulunci gadonsa na wurin iyayensa na jini yana nan bai faɗi ba, amma ta yaya zai tabbatar da shi alhali takardunsa na ɗauke da wani suna da wani uba, kuma danginsa ba su san yana raye ba?

*5. Maƙalewa tsakanin ƙasashe biyu.* Wani lokaci ƙasa ɗaya ta amince da tabannin, ɗayar ta ƙi. A watan Satumban 2013 Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta dakatar da ba da izinin fita ga yaran da baƙi suka ɗauka. Yara fiye da dubu da kotunan Kongo suka riga suka mayar 'ya'yan baƙi suka maƙale a gidajen marayu shekara biyu zuwa uku, iyayen takarda na wata nahiya, iyayen jini kuma an soke haƙƙinsu.

*6. Rai da lafiya.* A watan Mayun 2011 wata yarinya 'yar Habasha mai shekara 13 ta mutu a bayan gidan iyayen tabanninta a jihar Washington, saboda sanyi da yunwa, shekara uku bayan kawo ta. A 2013 aka ɗaure matar shekara 37, mijin kusan shekara 28. Ƙasar haihuwar yarinyar ba ta da wani iko a kanta tun ranar da ta fita, sai jiran rahoton da iyayen suka ga dama suka aiko. Wannan lamari na cikin abubuwan da suka sa majalisar Habasha ta haramta ba baƙi yara a watan Janairun 2018, bayan Amurkawa kaɗai sun ɗauki fiye da 15,000 tun daga 1999.

*7. Addini da harshe.* Sababbin iyaye ne ke da ikon zaɓa wa yaro addini a doka. Ɗan Musulmin da aka ɗauka yana shekara biyu ko uku zai tashi bai san kalmar shahada ba, bai san harshen uwarsa ba. Ko da wata rana an mayar da shi, sai an nemo tafinta tsakaninsa da wadda ta haife shi.

Abin da ya faru a Abeche

Kada mu ɗauka wannan labarin nesa ne. Ranar 25 ga Oktoban 2007 jami'an tsaron Chadi suka kama 'yan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a garin Abeche, suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa. Ƙungiyar ta gaya wa iyalai a Faransa cewa marayun yaƙin Darfur ne, kuma iyalan sun biya dubban Yuro suna jiran yaran, da yawansu da burin mayar da su 'ya'yansu. A Chadi kuwa da wani suna daban ƙungiyar ke aiki. An naɗa wa yaran bandeji na ƙarya don a ce marasa lafiya ne za a fitar neman magani.

Da hukumar UNICEF da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Red Cross suka tattauna da yaran, sai suka bayyana cewa 91 daga cikinsu suna da aƙalla babba ɗaya da suke ɗauka uwa ko uba. Mafi yawansu daga ƙauyukan Chadi ne na bakin iyaka, wajejen Adre da Tine. Iyayen suka ce an gaya musu makaranta za a sa yaran a cikin ƙasar. Babu wanda ya ambata musu Faransa.

Ranar 26 ga Disamban 2007 kotu a Injamena ta yanke wa Faransawa shida, ciki har da shugaban ƙungiyar Eric Breteau, ɗaurin shekara 8 da aiki mai tsanani, da diyyar sefa biliyan 4 da miliyan 120 ga iyalan, wato miliyan 40 a kan kowane yaro. Bayan kwana biyu aka mayar da su Faransa, kuma a ƙarshen Maris na 2008 Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa. Yaran kuwa sai da suka shafe wata biyar a gidan marayu na Abeche kafin a fara mayar da su ga iyayensu, kuma shekaru bayan haka iyalan na ta kukan ba su ga diyyar ba.

Mu lura da abu ɗaya a nan. Waɗannan yara sun koma gida ne domin jirgin bai tashi ba, kuma babu kotun da ta riga ta canza musu suna. Da sun sauka Faransa an buɗe musu takardu a matsayin marayun Darfur, da wuya uban da ke Adre ya sake ganin ɗansa.

Me dokokin duniya suka tanada?

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta tabbatar wa yaro haƙƙin sanin iyayensa da kiyaye sunansa da ƙasarsa. Sashe na 20 ya ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta a cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali, ya kuma ce a yi la'akari da addinin yaro da harshensa da al'adarsa. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990, a sashe na 24, ta ce fitar da yaro waje shi ne mataki na ƙarshe, bayan an rasa mafita a ƙasarsa.

Babbar doka a wannan fanni ita ce Yarjejeniyar Hague ta ranar 29 ga Mayun 1993. Ta wajabta a fara neman mafita a cikin gida, a wayar wa iyaye kai kan cewa sa hannunsu na iya yanke alaƙarsu da ɗansu, kada a sayi yardarsu da kuɗi, kada a karɓi yardar uwa sai bayan ta haihu, kuma a adana bayanan asalin yaro. Ghana ta shiga yarjejeniyar ta fara aiki a kanta a 2017, Nijar a 2021. Nijeriya ba ta cikinta, kuma a 2021 Birtaniya ta sa takunkumi kan ɗauko yara daga Nijeriya saboda shakku a kan takardu da fargabar safarar yara.

Game da lalacewa, sashe na 21 ya ce idan zaman ya rushe kafin a kammala tabanni, hukumar ƙasar da aka kai yaron ta janye shi, ta nema masa wani iyali tare da tuntuɓar ƙasarsa, mayar da shi gida kuwa shi ne zaɓi na ƙarshe. Amma idan an riga an kammala, yarjejeniyar ba ta tanadi wata hanya ba. Yaron ya koma ƙarƙashin dokar cikin gida ta waccan ƙasa, ƙasar haihuwarsa ba ta da ta cewa.

Ƙasashe da dama sun gane girman ɓarnar. Mali ta taƙaita cikakken tabanni ga 'yan ƙasarta a dokar iyali ta 2011. Holan ta dakatar da ɗauko yara a 2021 bayan wani kwamitin gwamnati ya gano sace yara da takardun jabu na shekaru masu yawa. Sin ta rufe ƙofarta a 2024. A watan Maris na 2025 hukumar binciken gaskiya ta Koriya ta Kudu, ƙasar da ta fitar da yara fiye da 140,000, ta tabbatar cewa an riƙa rubuta yara marayu alhali suna da iyaye, kuma gwamnati na da alhaki a ciki.

Matsayin Musulunci

Tabanni ya kasance sananne a wurin Larabawa kafin Musulunci. Zaidu ɗan Harisa (R.A) an sace shi yana yaro, aka sayar da shi a kasuwar Ukaz, ya zo hannun Nana Khadija (R.A), ta ba da shi ga Manzon Allah (S.A.W). Mahaifinsa ya yi ta cigiya har ya gano yana Makka, ya zo tare da ɗan'uwansa don su fanshe shi. Annabi (S.A.W) ya ba Zaidu zaɓi, ya zaɓi zama tare da shi, sai ya shelanta cewa Zaidu ɗansa ne. Aka riƙa kiransa Zaidu ɗan Muhammadu har Allah Ya saukar da aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab, inda Ya bayyana cewa faɗar baki ba ta mayar da ɗan wani ɗanka, Ya yi umarni a kira su da sunan ubanninsu domin shi ya fi adalci, idan kuma ba a san ubannin ba to 'yan'uwa ne a addini. Daga ranar ya koma Zaidu ɗan Harisa.

Suna ne ya canza, ƙauna da kulawa ba su ragu ba. Zaidu ya ci gaba da zama abin ƙaunar Annabi (S.A.W), shi ya ba jagorancin rundunar Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, kuma shi kaɗai ne sahabin da aka ambaci sunansa a Alƙur'ani. Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. Bukhari kuma ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu (R.A) cewa Annabi (S.A.W) ya yi wa mai ɗaukar nauyin maraya albishir da kusanci da shi a Aljanna, ya yi nuni da yatsunsa biyu. Ke nan an haramta canza nasaba, an kuma kwaɗaitar matuƙa a kan riƙon maraya.

Hukunce-hukuncen da malamai suka fitar a taƙaice su ne: yaron kafala yana riƙe da sunan ubansa. Yana gadon danginsa na jini, ba ya gadon mai riƙonsa, amma mai riƙon na iya yi masa kyauta yana raye ko wasiyya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya ba. Ba ya zama muharrami ga matan gidan sai idan an shayar da shi a lokacin shayarwa. Malikiyya na ganin ko kaɗan ya sha ya isa, Shafi'iyya sun ce sai sau biyar. Dukiyarsa amana ce a miƙa masa idan ya mallaki hankalin kansa. Tsintacce kuwa, ɗaukarsa farilla ce ta kifaya a kan jama'a, ɗa ne ba bawa ba, ciyar da shi na kan baitulmali in ba shi da dukiya, kuma ba a jingina shi ga wanda ya tsince shi.

Idan muka dubi matsalolin da muka lissafa a sama, za mu ga yawancinsu daga tushe ɗaya suka fito: an goge asalin yaro an rataya rayuwarsa gaba ɗaya a kan mutum biyu. Ranar da suka juya baya ba shi da kowa. A kafala kuwa, ko zaman ya lalace, yaron na nan da sunansa da danginsa da gadonsa.

Kafala a ƙasashen waje

Adalci ne mu faɗa cewa kafala ma tana da nata rauni idan aka ƙetara da yaro. Aljeriya ta haramta tabanni a dokar iyali ta 1984, Maroko ta tsara kafalar yasassun yara a dokar 2002, Tunisiya kuwa ta halatta tabanni tun 1958. Dokar Faransa ta 2001 ta hana a yi tabannin yaron da dokar ƙasarsa ta haramta hakan, sai dai in a Faransa aka haife shi kuma can yake zaune, kuma Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan'adam ta goyi bayan wannan a 2012. A 2019 Kotun Tarayyar Turai ta ce yaron kafala ba a lissafa shi a matsayin ɗan cikin mai riƙonsa wajen ba da izinin zama, sai dai a duba lamarinsa a matsayin wani daga cikin iyali. Ma'ana, yaron kafala ba ya samun zama ɗan ƙasa kai tsaye, kuma kafalar na ƙarewa idan ya balaga a doka. 'Yan'uwanmu mazauna waje da ke son ɗaukar marayan dangi su nemi hukuncin alƙali a gida, su bi takardun zamansa tun yana ƙarami, su kuma rubuta masa wasiyya.

Abin da ya wajaba a kanmu

Rigakafi ya fi magani, domin kamar yadda muka gani, bayan hukuncin kotun waje da wuya a dawo da yaro.

Iyaye kada su sa hannu ko su dangwala yatsa a kan takardar da ta shafi ɗansu sai wanda suka amince da shi ya karanta musu ita da harshensu. Su tambaya a fili: sunansa zai canza? Zai bar ƙasar? Ina da ikon karɓo shi ranar da na so? Duk wanda ya zo da kuɗi ko alkawarin makaranta yana gaggawa, a kai maganarsa ga mai unguwa da liman da hukumar kare yara.

A yi wa kowane yaro takardar haihuwa tun yana jariri. Yaron da ba a rubuta shi ko'ina ba shi ne ya fi sauƙin a rubuta masa labarin ƙarya.

Masu gidajen marayu su ji tsoron Allah, su rubuta sunan kowane yaro da iyayensa da garinsa da yadda ya zo hannunsu, su adana. Kiran mai iyaye maraya don a samu tallafi shaidar zur ce.

Waɗanda aka taɓa ɗaukar musu ɗa, su adana duk wata takarda ko hoto, su kai sunansu ga ma'aikatar da ke kula da yara. Da yawa daga waɗanda aka tafi da su suna dawowa neman asali bayan sun girma. Idan irin wannan ya zo mana, ko bai jin harshenmu, ko a kan wani addini ya tashi, ɗanmu ne. Bai da laifi a abin da aka yi masa, a tarbe shi da sakin fuska.

Sannan mu dubi kanmu. Talauci da rashin mai taimako ne ke sa bazawara ta miƙa ɗanta ga baƙo. Da masallatanmu na da asusun marayu mai aiki, da masu hali na ɗaukar kuɗin makarantar ɗa ɗaya ko biyu a barshi a ɗakin uwarsa, da dillalan ba su sami ƙofa ba. Haka nan ɗan riƙon da ke gidajenmu, wanda ake bari da wanke-wanke da talla 'ya'yan gida na makaranta, shi ma za a tambaye mu a kansa ranar gobe.

Allah Ya kare mana zuriyarmu, Ya jiƙan marayu, Ya haɗa waɗanda aka raba da iyayensu, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke kanmu. Allah ne Mafi sani.